Daga Yama Zuwa Dandaji: Yadda Ginin Ƙasa Ya Ci Lambobin Duniya

A shekarar 1986, a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, aka bayyana gine-gine shida da suka ci Lambar Aga Khan ta fasahar gini. Ɗaya daga cikinsu masallacin Juma'a ne na garin Yama, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Wanda ya tsara shi, Alhaji Falke Barmu, bai shiga jami'a ba. Magini ne, kuma manomi.

Yarima Karim Aga Khan ya kafa lambar a 1977, aka fara bayar da ita a 1980 a Lahore, kuma duk bayan shekara 3 ake maimaitawa. A yau kuɗinta dala miliyan 1 ne, ana raba wa waɗanda suka yi nasara. Ta sha bamban da lambar Pritzker ta Amurka, wadda aka kafa a 1979, mai karrama gwanin da ya riga ya yi suna bisa ayyukan da ya tara. Ita ta Aga Khan ginin take dubawa, da amfanin da jama'a ke samu a cikinsa, sannan ta nemo masu hannu a ciki: mai zane, magini, har da al'ummar da ta sa a yi. Shi ya sa tun a 1983 masallacin Niono na Mali, aikin magini Lassina Minta, ya samu shiga.

An soma masallacin Yama a 1962 da aikin gayya. Mai ƙarfi ya kwaɓa ƙasa, mai hali ya kawo hatsi ko itace, mata suka ɗebo ruwa. Da fari soro ne mai sauƙi. A wajen 1975, da rufin ya buƙaci gyara, Falke bai tsaya ga yaɓe ba. Ya ɗaure rufin da baka, ya ɗora tulluwa a tsakiya, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta. Ba a gama ba sai 1982. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, zai gane zuriyar wannan ɗauri. Abin da alƙalan suka yaba shi ne hannun da ya gaji sana'a amma bai zauna a kan gadon kawai ba.

Matasa ma sun ci moriyar wannan ƙofa. Francis Kéré na Burkina Faso yana ɗalibi a Berlin ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001. Ta ci Lambar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker.

A Dandaji, nan cikin jihar Tawa, akwai wani tsohon masallacin ƙasa na Falke da ya lalace har aka fara maganar rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ta Iran suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da inji ya matse. Suka kira maginan gargajiya cikin aikin. Tsarin ya ci lambar zinariya ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, aka kammala cibiyar, mai suna Hikma, a 2018. Abin dariya kaɗan: gidauniyar kamfanin siminti ce ta karrama ginin ƙasa.

Duk waɗannan lambobi daga waje suka zo. A gida kuwa, da zarar mutum ya samu kuɗi sai ya rushe soron kakansa ya kafa bulo da kwano, ya dawo yana kukan zafi. Ya kamata ƙungiyoyin masu zanen gine-gine na Najeriya da Nijar su haɗa kai da sarakunan magina, su kafa lambar da za ta riƙa karrama tsohon gwani da yaron da ke koyo a hannunsa.