Kwaɓin da ke kwana: alkama a ƙasarmu kafin burodi da bayansa

Alkama ba amfanin gonarmu ba ce a Tudun Kaya ta ƙasar Karaye. Ƙasarmu ta dawa ce da masara da gero, ga gyaɗa da auduga, sannan rake a fadamun da suka yi wajen Rogo. Na tashi ban taɓa ganin rumbun alkama a gidan kowa ba. A mudu ake sayo ta, kuma duk gidan da aka ga an shanya ta a tabarma, maƙwabta sun san akwai sha'ani a tafe: ko suna, ko kai gara, ko sallah, ko kuwa babban baƙo. Abincin fita kunya ce. Yaran yanzu da suke karya kumallo da burodi kullum, da wuya su yarda cewa a farkon shekarun 1970 yarinya tana iya yin wata uku ba ta sa wani abu na alkama a bakinta ba.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ake nema in za a yi funkaso a unguwarmu. Aikin yakan fara tun jajibiri. A tsince alkamar tsaf, domin wadda aka sussuka a ƙasa ba ta rabuwa da tsakuwa. A wanke, a shanya, a ɗan surfa ta sama-sama, ba irin surfen dawa ba da ake son a raba ta da dusa gaba ɗaya. Sannan niƙa. Kafin inji ya zo kusa da mu a dutse ake yi, a durƙushe, kuma alkama ta fi gero taurin kai nesa ba kusa ba. Garin da yake fitowa ja-ja ne, da ɗigo-ɗigon dusa a cikinsa, in ka shaƙa sai ka ji ƙamshin hatsi sosai.

Bayan sallar isha'i Iya take kwaɓawa. Ruwan ɗumi, gishiri, sai ɗan tsami, ko na nono ko ragowar ƙullin da ya riga ya kwana. Kwaɓin ya fi na waina kauri, amma bai kai a ɗauke shi a dunƙule ba. Ta juya shi da hannu har gari ya ɓace, ta rufe ƙwaryar da faifai, in hunturu ne ta matsar da ita gefen murhu inda toka ke da sauran ɗumi. Shi ke nan. Ni da na saba ganin yadda ake kirɓa kwaɓin alkaki a turmi har gumi ya karyo wa mata, na taɓa tambayarta:

"Iya, shi wannan ba za a kirɓa shi ba?"

"Bar shi, 'yar nan," in ji ta. "Dare zai yi miki aikin."

Da asuba sai a tarar ya taso har ya taɓa faifan, ya yi idanu ƙanana, in an ɗebo yana bin hannu yana yauƙi. Sai ta tsiyaya ɗan ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa don ya karya tsamin, ta ɗan buga shi kaɗan, ta ɗora man gyaɗa. Ta jiƙa hannu, ta ɗebo, ta huda tsakiya da yatsa, ta saki a mai. Funkason gaske waje ƙus-ƙus ne, ciki kuwa ramuka ne masu shan miya, kuma ba abin da ya dace da shi kamar miyar taushe mai kabewa da gyaɗa. Irin wannan kwaɓin ne, in aka zuba shi a gwangwanayen da aka shafe da mai aka turara a madambaci, yake zama alkubus.

Sai da na shiga makarantar horon malamai mata na fahimci abin da daren yake yi. Alkama tana da wani danƙo da babu shi a dawa ko gero, kuma shi ne yake riƙe iskar da tsami ke fitarwa har kwaɓi ya kumbura. Ana samun danƙon nan ta hanya biyu: ko a murza kwaɓin da ƙarfi ya haɗu nan take, ko a ba shi ruwa isasshe da lokaci ya haɗa kansa. Garin da ke da dusa ya fi buƙatar hanya ta biyu, don dusar tana shan ruwa a hankali, kuma in ba ta yi laushi ba takan tsinka danƙon. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun gano wannan da hannunsu tun zamanin da ba a san yis na kanti ba.

Alkama tsohuwa ce a ƙasar Hausa, sai dai baƙuwa ce da ta zauna. Ta hanyar hamada ta shigo, tare da fataken Larabawa na Gadamus da Tarabulus da suka yi gidaje a birnin Kano. Bature Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ambaci alkama a labarin tafiyarsa, ya kuma danganta zuwanta da Larabawa. Ba ta son zafi, ba ta son damina. Shi ya sa ake shuka ta a watan Nuwamba, ta yi girma cikin sanyin hunturu, a girbe wajen Maris. A da kuwa da jigo ake ba ta ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, a 'yan fangaloli a bakin rafi. Wanda ya san wahalar jigo ba zai yi mamakin tsadar alkama ba, ba kuma zai yi mamakin yadda ta zama abincin fada da gidajen attajirai ba.

A birni ne gurasa ta yi gida, a tsofaffin unguwanni irin su Jakara da Chediya, inda har yau mata ke tashi tsakar dare su hura wuta a tanderu. Ita ma kwaɓinta mai laushi ne, a bar shi ya tashi, a faɗaɗa a tafin hannu, a manna a jikin tanderun da ya yi zafi. Mu mutanen Karaye tsaraba muka san ta. In Baba ya je Kano ya dawo da ita a ƙunshe, sai a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, a yi bandashe. Ranar nan ba mai son tuwo.

Burodi kuwa ta teku ya zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma hanyar da ta kwashi gyaɗarmu zuwa Ikko ita ce ta kawo farar fulawa arewa. A can Ikko wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda ya zo a 1913 don aikin jirgin ƙasa, ya buɗe gidan burodi a shekarun 1920, kuma shi ake danganta wa shigo da injin murza kwaɓi: ƙarafa biyu masu juyawa da ake tura kwaɓin tsakaninsu sau da yawa har ya yi santsi. Wannan injin ne ya ba burodin Najeriya halinsa, ciki a cure, mai laushi, mai jan hannu in an ɓara. Duk wanda ya leƙa gidan burodi a Gwarzo ko Karaye zai ga jikokin wannan inji suna aiki. A 1960 wani ɗan kasuwa mutumin Girka, George Coumantaros, ya kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinansa na Apapa suka fara niƙa alkamar da ake saukewa daga jiragen ruwa, akasarinta daga Amurka. Cikin shekarun 1970 aka buɗe Northern Nigeria Flour Mills a Bompai. Kuɗin man fetur ya shigo, naira tana da ƙarfi, fulawa ta yi arha.

Ina tune da lokacin da teburin mai shayi ya bayyana a bakin kasuwarmu, da burodi jere a gabansa. Maza suka fara zama a benci da safe maimakon jiran koko da ƙosai daga cikin gida. Ba na zargin kowa. Burodi ba ya son itace, ba ya son miya, ɗan makaranta yana iya sa shi a aljihu, direba yana iya ci yana tuƙi. Abin da ya dame ni shi ne yadda fulawa ta bi ta bayan gida ta shiga har ƙwaryar funkaso. Ba tsinta, ba surfe, ba niƙa, a zuba yis, cikin awa biyu ya tashi. Wace mace mai goyo da aikin gida za ta ƙi? Amma abin da ake soyawa yanzu a gidajen biki da yawa ya fi kusa da fanke, fari fat, ba tsami, ba nauyi, an ci ba a jima ba yunwa ta dawo. Masana'anta tana cire dusa da idon ƙwayar ne don garin ya daɗe bai lalace ba, domin a idon nan mai yake, shi ne kuma yake fara wari. A nan kuma amfanin hatsin ya fi taruwa.

Gwamnati ta so ta noma alkamar a gida. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, aka shimfiɗa hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Duk da haka abin da ake girbewa bai taɓa kusantar abin da gidajen burodi ke lanƙwamewa ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, inda suka nuna yadda ƙasar ta ɗaure cikinta da hatsin da ba ta iya nomawa isasshe. A watan Janairu na 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama ɗungurungum. Manoman Kadawa sun ga kuɗi a shekarun nan, burodi ya ƙanƙance ya yi tsada, fulawar fasa-ƙwauri ta riƙa shigowa ta kan iyaka, masu gidajen burodi suna gauraya garin masara. A 1992 aka ɗage haramcin.

A wannan shekarar ce kuma aka gama madatsar Challawa a nan ƙasar Karaye. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, mutane suka tashi, muka zuba ido mu ga ko za mu zama Kadawa ta biyu. Shekaru suka shuɗe, noman raninmu ya tsaya ga mai injin ban-ruwa a bakin ruwa, shi kuwa tumatir da albasa da masara sun fi yi masa saurin kawo kuɗi. Yau Najeriya tana shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a shekara, abin da ake nomawa a gida bai kai kashi ɗaya cikin goma na buƙata ba. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022 muka ji shi a teburin mai shayi, shi ya sa kuma a watan Fabrairu na 2024 mata masu gurasa suka fito kan titi a Kano suna kukan tsadar buhun fulawa. Sana'ar da ta samo asali daga alkamar jigo, yanzu farashin dala ne yake juya ta.

Jar alkama ta dawo gidajenmu ta wata ƙofa, ƙofar asibiti. Masu ciwon sukari da yawa sun koma tuwon alkama, har ta zama kamar magani. Ina jin takaicin a ce abincin da ake fita kunyar surukai da shi ya koma abincin marar lafiya, alhali ita ma in an cika ciki da ita sukari take zama a jini.

Can waje kuwa, a Nuwamban 2006 jaridar New York Times ta buga hanyar wani mai gidan burodi, Jim Lahey, ta yin burodi ba tare da murzawa ba: gari kofi uku, yis rubu'in ƙaramin cokali, ruwa da yawa, a bar shi awa 12 zuwa 18, a gasa a tukunya mai murfi. Duniya ta ɗauka. Jamusawa suna yin irinsa da wata tsohuwar alkama mai kwanso da suke kira Dinkel, wadda danƙonta ba ya jure yawan murza. Da 'yata ta karanta min hanyar Lahey, na ce mata ai kwaɓin Iya ne, tukunyar kawai aka canja. Tukunyar ce na ara daga gare su.

Ga yadda nake yi yanzu. Garin alkama gwangwani huɗu, gishiri, yis ɗan mitsitsi, cokalin zuma ko mazarƙwaila, ruwan ɗumi har ya yi laushin kwaɓin funkaso, ya ɗan fi shi kauri. In hunturu ne ya kwana. In bazara ce awa shida zuwa takwas sun isa, don zafinmu ba na Amurka ba ne, in ya wuce haka tsami zai yi yawa ya faɗi. Na shafe tukunyar ƙarfe mai nauyi da man gyaɗa, na juye, na bar shi ya sake tasowa kamar rabin awa, na ɗora a kan garwashi kaɗan, na zuba wanda ya fi yawa a kan murfi. Kafin awa guda ya cika ya gasu. In an ƙwanƙwasa gindinsa sai a ji kamar ba komai a ciki. Ba ya tashi kamar na kanti, kuma kada a yanka shi da zafi, cikinsa zai cakuɗe.

Wahalar ɗaya ce, samun garin kirki. Garin alkama mai dusa ba ya ajiyuwa a zafin nan, cikin 'yan makonni zai canja wari. Saboda haka nakan aika a sayo min tsabarta daga Kura a ƙarshen Maris ko Afrilu, lokacin da aka gama girbi tana da sauƙi, in ajiye ta a jarka mai murfi saboda ƙwari, in riƙa kai mudu ɗaya inji in buƙata ta taso. Nakan roƙi mai injin ya fara niƙa tawa da sassafe, kafin a zuba jiƙaƙƙiyar masara ko barkono, ya kuma maimaita ta sau biyu.