Tarihin Apu, Baƙon da ke Cikin Majigin Zane na Amurka

Cikin watan Disamba na shekarar 1989 aka soma nuna wani wasan ban dariya a talabijin na ƙasar Amurka, sunansa The Simpsons. Irin wasan nan ne da ake zana mutanensa da hannu, sa'an nan a sa waɗansu su yi musu murya. Cikin 1990 aka shigo da wani baƙo mutumin Indiya, wai shi Apu, mai tsaron kanti a garin Springfield inda labarin ke gudana.

Masu tsara wasan sun ba Apu ilmi mai zurfi, har da digirin dakta na kwamfuta, suka ba shi haƙuri da ƙwazon aiki. Amma kuwa sun ɗora masa halayen da Amurkawa suka saba jingina wa baƙi, watau tsawwala kuɗin kaya, da sayar da abincin da ya kwana, da tarin 'ya'ya, har matarsa ta haifi takwas a ciki ɗaya. Wanda ke yi masa murya Bature ne, Hank Azaria, yana karya harshe don a yi dariya.

Shekara ashirin da bakwai ana haka. Cikin 2017 Hari Kondabolu, wani mai wasan ban dariya wanda iyayensa mutanen Indiya ne, ya fito da wani majigi mai suna The Problem with Apu. A ciki Indiyawan da suka girma a Amurka suka ba da labarin yadda yara ke tsokanarsu da muryar Apu a makaranta. Abin da ya yi musu ciwo shi ne, a zamanin nan da wuya a ga wani Ba'indiye a talabijin in ba shi ba, saboda haka mutum guda na zane ya zama madubin al'umma ɗungum.

Da farko masu wasan ba su ɗauki maganar da nauyi ba. Amma cikin Janairu 2020 Azaria ya ce ya bar muryar Apu. Cikin Yuni na shekarar nan aka shelanta cewa Turawa sun daina yi wa waɗanda ba Turawa ba murya a wasan, cikin 2021 kuma Azaria ya roƙi gafara.

Masu kare wasan suna cewa ai ba wanda ya tsira daga ba'arsa, har Amurkawan kansu. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari yana da daɗi domin kowa na da bakin ramawa. Indiyawan Amurka kuwa ba su sami wannan baki ba sai da 'ya'yansu suka girma suka shiga sana'ar da kansu.