Kunnen Makaniki da Ƙarar Ƙafar Baya: Zamanin Peugeot a Hanyar Rimin Gado

Gane ciwon mota ta hanyar sauraren ƙararta sana'a ce da ta yi ƙarfi a ƙasar Kano tare da motocin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo, kuma babu sashen da ke gwada makaniki kamar ƙafar baya, wato tarin sifirin da shokozoba da robobi da ƙarafan da ke riƙe da tayoyin baya a jikin mota. Rimin Gado, wadda ke kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, ƙasa ce ta gonaki da ƙauyuka kusa da juna, inda mota ke sauka daga kwalta ta bi burji ta ɗebo gero da dawa da gyaɗa, sannan ta sake hawa titi ta nufi unguwar Kabuga a birnin Kano da gudu. Motar da ke aiki tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, bayanta ne ke fara gajiya, shi ya sa masu gyara a wannan yanki suka ƙware a kansa.

An kafa kamfanin haɗa Peugeot na Nijeriya, wato PAN, a 1972, aka buɗe masana'antarsa ta Kakuri da ke Kaduna a 1975, a zamanin Janar Yakubu Gowon, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Samfurin 504, wanda ya fito a Faransa a 1968, ya kuma cinye tseren Safari na Kenya a 1975, shi ya zama motar gwamnati da ta manyan ma'aikata. Sai dai makanikin karkara ba kasafai yake ganin ta sabuwa ba. Takan baro ma'aikata ta faɗa hannun ɗan kasuwa, daga nan ta shiga tasha ta yi haya, kafin ta iso ƙauye tana ɗaukar buhuna, don haka ilmin da ya taru a garejin bakin hanya ilmin tsohuwar mota ne, wadda aka kwance aka ɗaura ba sau ɗaya ba.

Ƙafar bayan waɗannan motoci iri uku ce, kuma wanda bai bambance su ba bai fara aiki ba. Wagon, wadda ta fi yawa a tashoshi, tana da aksil guda, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, a kan sifirin mai naɗi guda huɗu, biyu a kowane gefe. Akori-kura kuwa sifirin mai falle-falle gare ta, wanda ake ɗaurewa a jikin aksil da lanƙwasassun kusoshi. Wasu daga cikin salun na 504 kowace tayar baya da hannunta daban, tana hawa tana sauka ba ruwanta da 'yar'uwarta. A salun da wagon, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji baya, tana juyawa ne a cikin bututun ƙarfe da ya taso daga giyabos har aksil, kuma wannan bututu yana ɗaukar sauti, ta yadda ƙarar da ta tashi a baya za a ji ta ƙarƙashin giya, direba ya rantse matsalar a gaba take.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 a mulkin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka gagari talaka. Daga nan farfaɗo da tsohuwar mota ya zama ruwan dare: a sauke inji da aksil, mai walda ya toshe ruɓar bodi, a nemo kaya 'yan Kwatano a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota, a ƙara wa akori-kura falle ɗaya ko biyu don ta jure lodi. Wannan dabara ta riƙe sufurin karkara shekaru masu yawa, kuma ta cancanci yabo, amma ita ce ta haifar da ƙorafin da kowane mai gareji ya sani, wato mota ta fito fes daga gyara, bayan 'yan kwanaki ta dawo tana ƙara a baya fiye da yadda take yi kafin a taɓa ta.

Tsofaffin gwanaye ba sa fara ɗaukar sifana, tambaya suke fara yi. “Malam, da lodi take yi ko babu lodi? A gargada ko a kwalta? In ka ɗaga ƙafa daga totur tana ɗaukewa?” Kowace amsa tana rage yawan abin zargi. Gunjin da ke ƙaruwa da gudu, ya kuma canza idan an karkata sitiyari dama ko hagu, na boris ɗin taya ne, domin nauyi na komawa kan gefe ɗaya a lanƙwasa. Kukan da ke zuwa in an taka totur ya tafi in an saki, ko akasin haka, daga haƙoran cikin aksil yake, galibi saboda ba a daidaita tazarar da ke tsakaninsu ba lokacin ɗauri. Bugu guda mai nauyi a lokacin tashi ko canjin giya yana nuna sako-sako a farfela ko a mazaunin aksil, ita kuwa ƙwanƙwasar da ba ta zuwa sai a rami ko gargada, wurin shokozoba da robobinta ake nufa. Bayan tambaya sai a fita gwaji, maigida a kan sitiyari, yaron gareji a can baya ya kwantar da kunne a kan bodi, a bi burji a hankali sannan a hau kwalta. Kafin duk wannan, mai hankali yakan girgiza salansa da hannu, ya duba mariƙin safaya, wanda a salun 504 yake rataye ƙarƙashin but, domin sau da yawa ƙarar da aka ɗora wa aksil daga nan take.

Babban abin da wannan zamani ya koyar shi ne, ƙarar bayan gyara ta fi fitowa daga yadda aka ɗaura kaya, ba daga kayan kansu ba. Bushin roba ce da aka matse tsakanin ƙarfe biyu, kuma ba juyawa take yi ba, murɗewa take yi ta dawo. Idan yaro ya ɗaure notinta tamau alhali mota na kan jak, tayoyi na reto, to da zarar an sauke ta nauyi ya hau, robar ta riga ta murɗe tun mota ba ta motsa ba, sai ta fara ƙiƙi-ƙiƙi, daga baya ta tsage, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Ƙa'idar ita ce a kama notin sama-sama, a sauke mota a kan tayoyinta a bakin rami, a danna bayanta sau da dama ta zauna, sannan a shiga ƙasa a ƙarasa ɗaurin. Haka ma sifirin mai naɗi, wanda bakinsa ke da gurbin da yake faɗawa, in ya kauce ko da ɗan yatsa ne sai ya riƙa tsalle yana ƙas a kowace kwana. A akori-kura, lanƙwasassun kusoshin nan sukan saki bayan lodin farko, kuma in ba a sake matse su ba, kusar tsakiyar sifirin takan karye, aksil ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa.

Yanayi ma yana da hannu. Ƙurar hunturu na busar da roba ta shiga tsakanin fallayen sifirin, ƙara ta yawaita, da damina kuma ta lafa, daga nan ne aka samo dabarar watsa ruwan sabulu a kan bushin ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda ta yi shiru. Shafa baƙin mai kuwa, da wasu ke yi don mai mota ya tafi da farin ciki, ha'inci ne, saboda mai na cin roba, kuma wanda ya yi haka ya sayar wa mutum shirun mako guda da kuɗin sabon gyara.

An daina haɗa 504 a Kaduna a wajajen 2006, Golf da Sharon suka karɓe tashoshi, kuma da yake da tayoyin gaba suke ja, babu farfela ko haƙoran aksil a bayansu da yaro zai koyi saurare. Yawancin masu tasowa sun saba da cire kaya a sa wani har ƙara ta ɗauke, abin da ke cin aljihun manomi ba tare da dalili ba. Akori-kura da wagon da suka rage a hanyar Gwarzo suna fitowa ne ranakun kasuwa da lokacin kaka, kuma masu su kan yi tafiya mai nisa zuwa wurin dattawan da suka koyi aiki a shekarun 1970 da 1980, waɗanda da yawansu yanzu zama suke yi a benci suna nuna wa yara notin da za a sassauta da wanda za a bari sai mota ta sauka daga jak.