Daga Fadar Mandale Zuwa Wayar Salula: Yadda Aka Cire Wa Addinin Buddha Aƙida

Abin da ya jawo wannan rubutu bai taka kara ya karya ba. Wata rana bayan La'asar na tarar da ɗan maƙwabcina a nan zango, ɗalibin jami'a, zaune bisa benci ido a rufe, abin sauraro a kunne. Na ɗauka karatun Alƙur'ani yake ji. Da ya buɗe ido ya gaishe ni sai ya ce, "Baba, wata manhaja ce, tana koya wa mutum ya bi numfashinsa na minti goma don hankalinsa ya kwanta kafin jarrabawa." Na ce ko ya san daga ina abin ya samo asali? Ya ce daga likitocin Amurka. To, rabin gaskiya ya faɗa. Sauran rabin yana ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, ƙasar nan da kakanninmu sojoji suka je yaƙi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Bari mu fara daga tushe. Buddha ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekara 2500 da suka wuce. Mabiyansa sun yi imani cewa mai rai yana mutuwa a sake haihuwarsa, sau ba adadi, kuma ayyukansa ne ke yanke irin rayuwar da zai faɗa a gaba. Burin addinin shi ne a kuɓuta daga wannan kewaye gaba ɗaya. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a mafi yawan tarihin addinin, talaka ba ya yin wannan zaman natsuwa da aka san su da shi yau, wato mutum ya zauna tsit yana lura da numfashinsa da abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa. Aikin talaka shi ne ya kai wa malaman addini abinci, ya gina wurin ibada, ya tara lada. Ko a cikin malaman ma, masu aske kai da jan mayafi, kaɗan ne ke shiga daji don irin wannan zama.

Faɗuwar sarauta ce ta sauya lamarin. A shekarar 1885 Turawan Ingila suka ci Mandale, suka kama Sarki Thibaw suka kai shi Indiya, can ya mutu. A al'adar Bama sarki ne uban addini: shi ke ciyar da makarantu, shi ke naɗa shugaban malamai, shi ke raba gardama tsakaninsu. Turawa kuwa suka ce su ba ruwansu da wannan. Sai tsoro ya kama mutane cewa addinin zai baje. Wani malami mai suna Ledi Sayadaw, wanda aka haifa a 1846 ya rasu a 1923, ya ga cewa tunda babu sarki, to sai dai a ɗora nauyin a kan kowa da kowa. Ya rubuta littattafai cikin harshen Bama mai sauƙi maimakon harshen Pali na malamai, ya yi amfani da injin ɗab'i da Turawan suka kawo, ya bi gari-gari yana kafa ƙungiyoyin karatu na manoma da 'yan kasuwa da mata. Daga baya ya ce musu su ma za su iya zaman natsuwar, ba sai sun bar gida da gona ba.

Da na karanta wannan sai na tuna da abin da Abner Cohen ya rubuta a kan Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, inda ya nuna cewa lokacin da ƙarfin sarautar Sabo ya fara raguwa a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka ruga cikin Tijjaniyya, zawiyoyi suka riƙe abin da fada ta kasa riƙewa. Ba ina haɗa addinan biyu ba ne, Allah Ya kiyaye. Halin mutane kawai nake nunawa idan inuwar da suke ƙarƙashinta ta gushe.

Daga Ledi abin ya sauka hannun wani manomi, Saya Thetgyi, daga shi kuma zuwa U Ba Khin, ma'aikacin gwamnati wanda ya zama Babban Akanta na ƙasar Bama da ta sami mulkin kai a 1948. A nan ne aka fara yanka abin daidai da rayuwar ɗan birni. Ma'aikaci ba zai iya barin ofis shekara uku ba, amma zai iya ɗaukar hutun kwana goma. U Ba Khin ya buɗe cibiya a Rangun a 1952, yana karɓar kowa, ko mene ne addininsa. Cikin waɗanda suka zo masa a 1955 akwai wani attajiri ɗan asalin Indiya, mabiyin addinin Hindu, S. N. Goenka, wanda ciwon kai mai tsanani ya addaba har ana yi masa allurar kashe zafi. Goenka da bakinsa ya sha ba da labarin cewa malamin ya ƙi karɓarsa da farko, don ya ce maganin ciwon kai yake nema, shi kuwa ba asibiti ya buɗe ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu ga yadda abin ya juye nan gaba.

A 1969 Goenka ya koma Indiya ya fara koyarwa, a 1976 aka buɗe babbar cibiyarsa a Igatpuri kusa da Mumbai. Ya rasu a 2013, amma har yau da muryarsa da aka naɗa ake gudanar da darussan a cibiyoyi masu yawa a duniya. Yana da kyau a san yadda rayuwa take a ciki. Ranar da ka shiga za ka miƙa wayarka da littattafanka da alƙalami. Maza daban, mata daban. Ƙarfe huɗu na asuba ake buga ƙararrawa, huɗu da rabi an zauna, kuma in ka haɗa zaman yini zai kai awa goma. Babu magana, babu ko haɗa ido, har sai rana ta goma. Abinci babu nama, kuma bayan na rana sai shayi da 'ya'yan itace da yamma ga sababbin shiga. Kwana uku na farko numfashi kawai ake lura da shi a ƙofar hanci, a rana ta huɗu a fara bin jiki daga ka har ƙafa. Ba a biyan ko kwabo. Masu dafa abinci da masu shara duk tsofaffin ɗalibai ne da suka dawo yin hidima kyauta, kuma ba a karɓar gudummawa sai daga wanda ya taɓa kammala kwana goman. Wannan tsari na kuɗi, gaskiya, ya burge ni, don ya hana mai dukiya sayen wurin.

Amma akwai abin da ya wajaba Musulmi ya sani. Goenka ya dage cewa abin da yake koyarwa ba addini ba ne, dabara ce ta kowa. Duk da haka a daren farko ɗalibai na maimaita kalmomin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa cikin harshen Pali, kuma ƙa'idar wurin a rubuce ta nemi a dakatar da duk wata addu'a da ibada da azumi da jan carbi har kwanakin su ƙare. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga mai salloli biyar. Hukunci na malamai ne, ni tarihi nake bayarwa.

Yanzu sai Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 samari da 'yan matan Turawa sun yi ta kwarara Indiya da Tailan neman abin da suka ce sun rasa a gida. Uku daga cikinsu, Joseph Goldstein da Sharon Salzberg da Jack Kornfield, suka koma suka sayi wani tsohon ginin 'yan Katolika a ƙauyen Barre na jihar Masacusets, suka buɗe shi a 1976. Sun ɗauko zaman, sun bar mafi yawan bukukuwa da sujada ga gumaka da hidimar malamai a can Asiya. Wani masanin kimiyyar halittu da ke zuwa wurin, Jon Kabat-Zinn, shi ya ƙara mataki. A 1979 ya buɗe wani ɗan sashe a asibitin jami'ar jihar, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi jin magani wannan zama cikin mako takwas, ba tare da ya ɗora musu sunan Buddha ba. Abin da U Ba Khin ya ƙi karɓar Goenka saboda shi, shi ne ya zama kasuwar gaba ɗaya. A 2004 hukumar da ke tsara magunguna a Ingila ta amince da wani reshe na wannan hanya ga masu ciwon damuwa da ke yawan dawowa. Kamfanin Headspace, irin masu manhajar da yaron nan ke saurare, an kafa shi a 2010, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi tsohon malamin Buddha ne da ya ajiye mayafi.

Su waɗannan sun yi shiru ne kawai game da aƙida. Wanda ya fito fili ya ce a ajiye ta shi ne Stephen Batchelor, haifaffen Sikotilan a 1953. Ya yi shekara goma yana sanye da mayafin malamai, da farko a hannun 'yan Tibet, daga baya a Koriya ta Kudu, sannan ya tuɓe a 1985 ya yi aure. A littafinsa na 1997, Buddhism Without Beliefs, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a tilasta wa mutumin yau yarda da sake haihuwa ba, kuma a ganinsa Buddha ayyuka ya bari a yi, ba abubuwan da za a gaskata ba. Malamai irin su Bhikkhu Bodhi, Ba'amurken da ya fassara manyan littattafan Pali, suka mayar masa da martani cewa in ka cire sake haihuwa ka cire dalilin tafiyar baki ɗaya. A nawa ganin su suka fi gaskiya a kan abin da littattafansu suka ƙunsa. Shi kuma Batchelor aƙalla bai ɓoye abin da yake yi ba.

Irin ƙungiyoyin da suka tsiro daga wannan ra'ayi a garuruwan Turai da Amurka ƙanana ne ƙwarai. Mutum goma ko ashirin, a haɗu sau ɗaya a mako da yamma, a ɗakin haya ko falon wani. A buga ƙaramar ƙararrawa, a zauna minti talatin ko arba'in, a karanta wani abu a tattauna, a sha shayi, a jefa abin da ya sawwaƙa cikin kwando don kuɗin haya. Sau da yawa babu limami, jagoranci zagayawa yake yi. Wannan gudun shugaba yana da dalili: a 1983 rikicin mata da kuɗi ya girgiza babbar cibiyar Zen ta San Faransisko har shugabanta ya sauka, kuma ba ita kaɗai irin haka ta faru da ita ba.

Sai dai akwai wasu mabiya Buddha a Amurka da labarin nan ya saba tsallakewa, kuma su ne suka fi kama da mu. Tun 1899 malamai biyu suka iso San Faransisko daga Japan don kula da 'yan ci-raninsu, manoma da leburori. Su ba zaman natsuwa suka kawo ba. Sun kawo addinin ne da duk kayansa: jana'iza, addu'ar tunawa da mamaci, makarantar koya wa yara harshen gida, girkin biki, taimakon wanda ya rasa aiki. A 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan ta tsare a sansanoni, kuma malaman addini na cikin waɗanda aka fara kamawa. A cikin sansanin Topaz, a 1944, suka sauya wa ƙungiyarsu suna suka sa kalmar coci a ciki, don a daina yi musu kallon baƙi. Duk wanda ya taɓa kwana a zango lokacin da gari ya rikice ya san irin wannan lissafi. Bayan shekara talatin da wani abu, da 'ya'yan masu gari suka dawo daga Indiya da nasu guntun, su aka riƙa bugawa a mujallu a matsayin waɗanda suka kawo addinin Buddha Amurka, ana yi wa na baƙin kallon al'adar tsofaffi.

Ga shi kuma yau ƙungiyoyin marasa aƙidar suna fama da tambayoyin da baƙin suka daɗe da amsawa. Waɗanda suka fara a shekarun 1970 sun tsufa. Wa zai je duba marar lafiya? In ɗan ƙungiya ya mutu me za a karanta a kansa, tunda an ce ba a san abin da ke bayan mutuwa ba? Me za a koya wa yara, waɗanda ba za su iya zama shiru na minti arba'in ba? Wasu cibiyoyin sun fara shirya ranakun iyali da horar da masu zama da marasa lafiya a asibiti, wato suna sake ƙera abin da suka bari a baya.

Wani zai ce ya na yi ta maganar Bama ban ambaci Rohingya ba. Ban manta ba. A 2017 sama da mutum 700,000 Musulmi suka tsere daga jihar Rakhine zuwa Bangaladash saboda kisan sojoji, kuma akwai malaman Buddha irin su Wirathu da suka shekara suna hura wutar ƙiyayya. Tsoron nan na cewa addini zai baje, wanda ya haifi aikin Ledi, shi ma yana cikin abin da masu kishin ƙabila suka riƙa ci da shi daga baya. Rakhine ɗin nan ita ce Arakan, inda sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi daga 1943 zuwa 1945.

Na ba yaron maƙwabcina wannan labari a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko ya goge manhajar. Na ce ya je ya tambayi malamin da ke ba su karatu bayan Magariba, amma in zai tambaya ya faɗa masa labarin tun daga 1885.