Hazon gida a bakin tekun Elmina

Masu tambayar inda na ɗauki hotunan da na ɗora jiya, a Elmina ne, bakin teku a ƙasar Gana. Biki ya kai ni Kumasi a watan Janairu, da aka watse na ce wallahi ba zan koma Musawa ban ga wurin nan ba.

Ku yi haƙuri da yadda hotunan suka yi dishi-dishi, ba laifin waya ba ne. Hazo ne. Hunturun da na baro a gida, ana jin wuta da sassafe, shi ya riga ni isa teku, sai dai can babu sanyin. Sama da ruwa sun haɗe sun yi fari, kwalekwalen masunta kamar a iska suke tafiya. Sai da rana ta ɗaga na samu hoton igwa guda mai kyau.

Gine-gine biyu ne a wurin. Babban, 'yan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, daga baya ya koma rumbun tara bayi. A 1637 'yan Holan suka hau da igwa kan wani tudu da ke fuskantarsa, suka yi ta ruwan wuta har suka ƙwace shi. Da yake sun san ta inda suka shigo, sai suka gina sansanin soja zalla a kan tudun, wato St. Jago, don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Ingila ta karɓi duka biyun a 1872.

Na shiga kurkukun da ake tsare mata. Ɗakin gwamna yana sama da su. Na ga ƙofar da ake fitar da mutum zuwa jirgin ruwa, ƙunci gare ta, sai mutum ɗaya-ɗaya. Nan kam na mayar da waya aljihu.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Da mai yi mana jagora ya ji ni Bahaushe ne, sai ya ce ai mutanenku sun yi gadin wurin nan. Na ɗauka ba'a ce. Ashe gaskiya ya faɗa.

A 1863 wani hafsan Ingila, Glover, ya kafa ƙaramar runduna a Legas da ake kira Hausawan Glover. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, Bature ya ba su kaki da albashi da bindiga. Daga cikinsu aka kawo wasu Elmina bayan Ingila ta karɓe ta. Da su aka yi yaƙin Asante, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa a Fabrairun 1874. Rundunar da Lugga ya zo da ita Arewa ma cike take da irin waɗannan samari, 'yan Turawa kaɗan ne a kansu. Su suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris, Katsina ta miƙa wuya ba a yi yaƙi ba, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Sojan Najeriya na yau daga waccan runduna ta Glover yake lissafa asalinsa.

Kun ga ke nan, yawancin yatsun da suka ja kunamar bindiga a kanmu namu ne. Mun saba cewa Turawa sun ci mu da makami, kuma haka ne. Amma wa ya riƙe musu makamin? Yaron da aka kama aka sayar, ƙasarsa ba ta tsare shi ba, ya samu mai ciyar da shi.

Ina tsaye kan tudun nan hankalina ya dawo gida. Yau a yankinmu, daga Musawa zuwa Matazu da Ƙanƙara, ana ɗauke mutum daga gonarsa a sa masa farashi. Masu riƙe da bindigar mafi yawansu yara ne da aka haifa a ƙasar nan. Ba uzuri nake nema musu ba, wanda ya kashe rai zai amsa a gaban Allah, hukuma kuma ta yi aikinta. Tambayata gare mu ce: yaran da ke zaune a bakin tasha, babu makaranta, babu gona, babu sana'a, wa zai riga mu kiransu?

Duk wanda ya samu hali ya je Elmina, ya hau tudun kafin ya shiga babban ginin. In hoto kake so, ka bari sai hazo ya wuce.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa manoma su koma gonakinsu bana. Amin.