Zangon Fatake a Hanyar Birnin Gwari

Zango shi ne wurin da ayarin fatake yake sauke kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A ƙarni na 19 Birnin Gwari tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka haɗa Kano da Zariya da ƙasar Nufe, daga nan a haye Kwara a bi ta Bargu zuwa Gwanja, ko a gangara ƙasar Yarabawa har bakin teku. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya taso daga Badagiri a ƙarshen 1825, ta wannan hanya ya biyo. Ya ratsa Birnin Gwari a 1826 kafin ya isa Zariya da Kano. Tun yana Bargu ya gamu da ayarin Hausawa da suka fito daga Gwanja, mutum fiye da 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya masu yawan gaske.

Fataucin goro ne ƙashin bayan wannan zirga-zirga, kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a kansa. Sukan tashi da rani, su ɗora wa jakuna da takarkarai kanwa da baƙin yadin rini da jan fata da busasshiyar albasa, su dawo da goro daga kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara guda, shi ya sa fatake da yawa sukan tafi da iyalansu: mata, da yaran gida, da barori.

Ayari yana da shugabanci tsayayye. Madugu ne uban tafiya, shi yake yanke ranar tashi da wurin sauka. Jagaba yana gaba, ya san mashigin kowane rafi da inda ake samun ruwa. Uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, malamin ayari kuma yana jan salla, yana riƙe lissafi.

A daji irin na Birnin Gwari, mai duhuwar itatuwa da duwatsu da rafukan da ke malala zuwa kogin Mariga, zaɓen masauki ba abin wasa ba ne. Ana neman fili kusa da ruwa, inda akwai ciyawa, kuma ba nesa da ganuwar gari ba. Akan tashi tun da asuba domin a sauka kafin rana ta yi tsanani. Da an iso sai a kwance mangaloli, a jera kaya a tsakiya, samari su sari rassa da ciyawa su kafa bukkoki, a ja shingen ƙaya saboda kura da ɓarayi, a turke jakuna a ciki. Mata su aza tukwane, matan ƙauyukan Gwari da Kamuku su kawo hatsi da doya da itace, nan take 'yar kasuwa ta ci. Idan ayarin dawowa ne, aikin yamma shi ne buɗe huhun goro: a tsince wanda ya fara ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake lulluɓe shi da ɗanyen ganye, domin goron da ya bushe a hanya asara ne. Da dare a hura wuta, a raba gadi.

Garuruwan hanya sun ci moriyar wannan sauka. Sarki yana karɓar gaisuwa da kuɗin wucewa, shi kuma ya ba da tsaro a cikin ƙasarsa. Idan tsaron ya tabarbare, kamar lokacin hare-haren Kwantagora a ƙasashen Gwari da Kamuku a ƙarshen ƙarnin, madugai sukan sauya hanya, kasuwar gari ta ja baya.

Abubuwa uku ne suka karya ayarin ƙasa. Birtaniya ta ci Asante, ƙasar da goron yake fitowa, da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga can a loda shi a jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji da aka haifa a 1877, yana cikin waɗanda suka rungumi wannan sabuwar hanya. Zangunan da fatake suka kafa a Kumasi da Ankara kuwa suka zama unguwannin dindindin, har yau da sunan zango ake kiransu.

A Birnin Gwari, titin mota daga Kaduna zuwa Ikko ya janye jama'a daga tsohon birni zuwa bakin hanya, tashar manyan motoci ta gaji aikin zango. Wani ɓangare na dajin ya zama gandun gwamnati a 1936, aka mayar da shi Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku a 1999. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin, direbobi sun koma jiran juna su tafi a jere da rakiyar jami'an tsaro, kasuwar shanun garin ta daɗe a rufe, sai a 2024 aka sake buɗe ta.