Daga Gizago Zuwa Zarto a Ƙasar Gusau

Kafin zarto ya iso ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe, aikin itace na masassaƙi ne. Da gatari da gizago yake fidda turmi, akushi, ƙotar fartanya da 'yar kujerar tsugunno, kowanne daga gungume guda, babu ƙusa ko ɗaya.

Masassaƙin Nahuce, a ƙasar Bunguɗu, ya san halin kowace bishiya. Ƙirya ta turmi ce, don tana jure daka, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi. Aduwa ta allon almajirai ce. Giginya ake faskarawa a yi azara. Ɗorawa da kaɗanya kuwa manomi na barin su tsaye a gona saboda kalwa da man kaɗe. Turmi kan yi shekaru a gida, uwa ta bar wa 'ya, in ya huje a kife shi ya zama mazauni.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920. Gyaɗa da auduga suka riƙa tafiya kudu, yankakken katako yana hawowa arewa, kafinta ya samu gindin zama. A ɗakin amarya gadon kara ya kauce wa na ƙarfe, na ƙarfen ya kauce wa na katako, sannan kabad da kushin suka biyo. Da Gusau ta zama babban birnin Zamfara a 1996, sababbin ofisoshi suka ƙara wa kafintoci ciniki.

Daji ne ya ji a jikinsa. Madobiya ta fi shan wahala: an yi ta lodin gungumenta daga Taraba da Kogi zuwa Sin, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa a dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

Yau jeren amarya da yawa na matsattsen garin katako ne, mai sheƙi ranar biki, mai kumbura da ruwa ya taɓa shi. Amma tsohon tattalin bai mutu ba. A rumfunan kafintocin Gusau ana sauya wa kushin yadi da soso a bar ƙashinsa, guntaye su zama benci, dusar katako kuma masu kiwon kaji su kwashe ta buhu-buhu.